Bututun Kabon da Sirrin Wutar da Ba Ta Zubewa a Hanya

Wannan shiri ne musamman don mutanen Manga da kewayenta, da na Dabai, da Senchi, da cikin garin Zuru. Shirin faɗakarwa na yau zai leƙa cikin wani abu da ido ba ya gani, amma hannu yana jin tasirinsa kullum.

Duk wanda ya taɓa cajar waya bayan ta yi awa guda tana aiki ya san tana ɗaukar zafi. Haka wayar da mai injin niƙa ya ja, haka taransifomar bakin hanya da rana tsaka. Zafin nan wutar lantarki ce da aka samar, aka biya kuɗinta, amma ta zube kafin ta kai inda ake buƙatarta. Madatsar ruwa ta Kainji, wadda aka kammala a 1968 a kan Kogin Kwara, an kafa mata injinan da za su ba da megawat 760. Babban layin da ya taso daga can zuwa Birnin Kebbi yana ɗauke da bolt dubu 330, kuma dalilin ɗaga ƙarfinsa har haka shi ne a rage wannan asara. An rage ta, amma ba a kawar da ita ba.

To, mene ne ke cinye wutar a cikin waya?

Ƙarfe yana nan shiru a hannu, amma cikinsa babu shiru. Jan ƙarfe da alminiyon da ake jan waya da su an gina su ne da ƙwayoyin atam da suka jeru sahu-sahu, kowace a mazauninta, suna riƙe da juna. Wannan jeri shi ne saƙar atam. A tsakanin sahun kuma akwai wasu ƙananan ƙwayoyi masu yawo, ilektiron, waɗanda tafiyarsu ita ce wutar lantarki. Da atam ɗin za su tsaya cak cikin cikakken tsari, da ilektiron ya ratsa su ba tare da komai ya tare shi ba. Lissafin Felix Bloch na 1928 ya nuna haka. Sai dai ba sa tsayawa. Kowace tana kaɗawa a mazauninta sau tiriliyoyi a daƙiƙa ɗaya, kuma da yake tana riƙe da maƙwabciyarta, kaɗawar takan bi sahu ta zama girgizar da ke ratsa ƙarfen gaba ɗaya. Girgizar nan ƙulli-ƙulli take zuwa, kowane ƙulli da ma'aunin kuzarinsa, kuma ƙulli ɗaya shi ake kira fonon. Igor Tamm na Tarayyar Sobiyet ne ya kawo wannan tunani a 1930.

Ilektiron na cikin gudu sai ya ci karo da fonon, ya karkace, ya zubar da kuzarinsa a cikin saƙar, saƙar ta ƙara kaɗawa. Wannan ita ce tirjiyar waya, kuma ƙarin kaɗawar shi ne zafin da hannu ke ji. Zafi kuwa yana haifar da ƙarin tirjiya: a jan ƙarfe da alminiyon, kowane digiri ɗaya yana ƙara ta da kusan kashi 4 cikin dubu. Wayar da take digiri 20 da asubahin hunturu, in ta kai 45 a ranar Afrilu, tirjiyarta ta ƙaru da kusan kashi 10 cikin ɗari.

In zafi na ƙara tirjiya, me zai faru in aka matsa wa ƙarfe sanyi har ƙarshe? Wanda ya fara samun amsa shi ne Heike Kamerlingh Onnes na Jami'ar Leiden a ƙasar Holan. A 1908 ya yi nasarar mai da iskar hiliyom ruwa, abin da ya ba shi sanyin da babu wanda ya taɓa kaiwa. Masu wannan fanni da ma'aunin Kelbin suke awo, wanda sifirinsa yake digiri 273 ƙasa da inda ruwa ke daskarewa. A watan Afrilu na 1911 Onnes ya sanyaya zaiba har Kelbin 4.2, wato kusan digiri 269 ƙasa da sifirin da aka saba. Tirjiyar ba raguwa ta yi a hankali ba, ɓacewa ta yi farat ɗaya. Tun daga lokacin an yi ta sa wuta a cikin zoben irin wannan ƙarfe, a cire batir, wutar ta ci gaba da zagayawa shekaru ba tare da an ga ta ragu ba. A 1933 Walther Meissner da Robert Ochsenfeld a Balin suka ƙara gano cewa ƙarfen da ya shiga wannan hali yana korar ƙarfin maganaɗisu daga cikinsa. Waɗannan alamu biyu, ɓacewar tirjiya da korar maganaɗisu, su ne shaidar abin da shirin nan zai riƙa kira gudun wuta ba tirjiya.

Shekara 46 aka yi ana neman dalilinsa. Bakin zaren ya fito ne a 1950, lokacin da Emanuel Maxwell da kuma wata tawaga a Jami'ar Rutgers ta Amurka suka gwada nau'o'in zaiba da atam ɗinsu suka bambanta da nauyi kaɗan. Yawan ilektiron ɗinsu ɗaya ne, halinsu ɗaya ne, amma mai nauyin sai da aka ƙara mata sanyi kafin tirjiyarta ta ɓace. Nauyin atam ba ya sauya komai a cikin ƙarfe sai saurin kaɗawarta. Ashe girgizar da ke satar wuta da zafi, ita ce kuma ke da hannu a ɓacewar tirjiya da sanyi. A wannan shekarar Herbert Fröhlich ya kai ga wannan ra'ayi ta hanyar lissafi. A 1957 John Bardeen da Leon Cooper da Robert Schrieffer na Jami'ar Ilinoi suka kammala bayanin, suka karɓi lambar Nobel a kansa a 1972.

Bayanin nasu yana da ban mamaki, domin ilektiron biyu cajinsu iri ɗaya ne, ture juna suke yi. Ta yaya za su haɗu?

Hanyar gona da damina za ta taimaka. Idan ƙasa ta jiƙa, mai babur da ya fito daga Manga da buhun taki yana barin gurbin taya a bayansa. Ya wuce, ya yi nisa, amma gurbin yana nan, domin laka ba ta saurin komawa. Can sai wani mai babur ya taso daga ɗaya ɓangaren. Da sun yi kaciɓus, kowa kauce wa ɗan'uwansa zai yi. Amma ba su haɗu ba, kuma tayar na biyun, ko bai yi niyya ba, zamewa za ta yi ta faɗa gurbin na farkon. Ba su suka nemi juna ba, hanya ce ta haɗa su.

Haka abin yake a cikin ƙarfe. Ilektiron yana janyo atam ɗin da ya ratsa, su ɗan matso kusa da inda ya bi. Shi gudunsa ya haura kilomita dubu a daƙiƙa, girgizar saƙa kuwa 'yan kilomitoci kawai take ci. Kafin atam ɗin su koma mazauninsu ya riga ya yi nisa, ya bar wani sawu mai jan ilektiron na biyu da ke tahowa daga gaba. Ta haka ake samun su biyu-biyu, waɗanda ake kira tagwayen Cooper. Tagwayen nan ba kowa tasa yake yi ba: dukkansu sukan shiga hali guda, su yi tafiya da taki ɗaya. Kafin a karkatar da ilektiron ɗaya sai an raba shi da abokinsa, raba su kuma yana buƙatar wani mafi ƙarancin kuzari da girgizar cikin tsananin sanyi ba ta da shi. Shi ya sa suke wucewa ba asara. Da zafi ya ƙaru ya kai wani mataki, girgizar ta sami ƙarfin raba su, sai tirjiya ta dawo.

Daga nan aka fahimci wani abu da ya daɗe yana ɗaure wa masana kai. Azurfa da jan ƙarfe da zinariya, waɗanda suka fi kowane ƙarfe kai wuta, ba a taɓa ganin tirjiyarsu ta ɓace ba, komai sanyin da aka yi musu. Dalma kuwa, da ba wanda zai ja wayar gida da ita, tana yi a Kelbin 7.2, niyobiyom a 9.2. Jan ƙarfe kwalta ne: tafiya a kansa da sauƙi, amma ba ya riƙe sawu. Dalma ita ce hanyar laka.

[Kiɗan hutu]

Barkanku da dawowa, masu sauraro. Kashi na biyu na shirin zai koma kan kabon.

Babu gidan da ba shi da kabon a Manga. Gawayin girki kabon ne, baƙin gindin tukunya kabon ne, haka sandan nan baƙi da ke tsakiyar batirin tocila da rediyo. Lu'ulu'un daimon ma kabon ne zalla; tsarin jeruwar atam ne ya bambanta. A cikin girafayit, wanda shi ne bakin fensir, atam ɗin sun jeru a zobe-zobe masu kusurwa shida, sun yi falle-falle, kowane falle kaurinsa atam ɗaya. Idan aka ɗauki falle ɗaya aka naɗe shi har gefe ya haɗu da gefe, an sami bututun kabon. Faɗinsa yakan kai nanomita ɗaya ko biyu, kuma nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita. Silin gashin kai ya fi shi kauri sau dubu hamsin ko fiye.

Sumio Iijima na kamfanin NEC a Japan ne ya bayyana wa duniya tsarinsa a 1991, bayan ya duba baƙin da ya taru a kan sandan girafayit da aka ƙona da tartsatsin wuta. Waɗanda ya fara gani masu bango da yawa ne, bututu a cikin bututu. A 1993 shi da kuma tawagar Donald Bethune ta kamfanin IBM suka samo masu bango ɗaya. Tun 1952 wasu masana biyu na Sobiyet, Radushkevich da Lukyanovich, sun buga hotunan irin waɗannan zarurruka, amma duniya ba ta waiwaye su ba. A 2006 kuma masu bincike a Dresden ta Jamus suka ba da rahoton ganin bututun a cikin wani takobin ƙarfen Dimashƙa na ƙarni na 17, alamar cewa wutar maƙera tana iya haifar da shi ba tare da maƙerin ya sani ba.

Tun 1992 lissafin tawagogi da dama, ciki har da ta Mildred Dresselhaus a jami'ar MIT, ya nuna cewa yadda aka karkata fallen kafin a naɗe shi ne ke yanke halin bututun: kusan ɗaya cikin uku suna kai wuta kamar ƙarfe, biyu cikin uku kuwa irin silikon ne da ake yin tiransista da shi.

Me ya sa masu neman gudun wuta ba tirjiya suka ɗora rai a kan kabon? Bayanin Bardeen da abokansa ya ce abu biyu ke ɗaga matakin zafin da tagwaye za su jure: saurin kaɗawar atam, da ƙarfin damƙar da ke tsakanin kaɗawar da ilektiron. A na farkon kabon zakara ne. Nauyin atam ɗinsa 12 ne, na dalma 207, kuma riƙon da ke tsakanin atam ɗinsa yana cikin mafi ƙarfi da aka sani, don haka kaɗawarsa tana da matuƙar sauri. A na biyun ne yake da rauni muddin fallen yana shimfiɗe. Girafayit da aka cusa wa fotasiyom a 1965 bai yi ba sai ƙasa da Kelbin 1. Amma a 1991, a ɗakunan binciken Bell na Amurka, aka cusa fotasiyom ɗin a tsakanin ƙwallayen kabon masu atam 60, sai ga Kelbin 18. Da aka musanya kabon ɗin ƙwallayen da mai ɗan nauyi, matakin ya sauka, kamar yadda aka gani a zaiba. Darasin a fili yake: lanƙwasa tana ƙara damƙa. A 1995 tawagar Marvin Cohen da Steven Louie a Bakli ta Kalifoniya ta lissafa cewa haka zai kasance a bututu: gwargwadon sirantarsa, gwargwadon lanƙwasar bangonsa, gwargwadon ƙarfin damƙar.

Bututun yana da salon girgiza kala-kala. Yana miƙewa ya tsuke a tsawonsa, yana murɗewa, yana lanƙwasa, atam maƙwabta suna matsowa su janye da sauri. Akwai kuma salon da shi kaɗai ke da shi, wanda ake kira numfashi: bangon gaba ɗaya ya buɗe ya tsuke, ya buɗe ya tsuke. A bututu mai faɗin nanomita ɗaya, hakan yana faruwa kusan sau tiriliyan 7 a daƙiƙa, in faɗin ya ragu da rabi saurin ya ninka. An fara auna shi a 1997 ta hanyar haska masa hasken leza a duba yadda launin hasken da ya dawo ya ɗan sauya, dabarar da C. V. Raman na Indiya ya gano a 1928. Har yau da wannan numfashi ake sanin faɗin bututu a ɗakunan bincike.

A ƙaramin bolt, girgizar ba ta cika damun ilektiron ɗin bututu ba. Yakan yi tafiyar kusan nanomita dubu kafin ya ci karo, alhali a jan ƙarfe kusan 40 yake yi. Amma a shekarar 2000 Zhen Yao da Charles Kane da Cees Dekker suka nuna, da gwajin da aka yi a Delft ta Holan, cewa akwai iyaka. Suna ƙara bolt, wutar tana ƙaruwa, har ta kai kusan maikro'amfa 25, sai ta tsaya. Dalili shi ne da zarar ilektiron ya tara kuzarin da ya isa ya tayar da fonon mai saurin kaɗawa, nan take yake tayar da shi, ya juya baya. Tafiyarsa ba ta wuce nanomita 10 zuwa 15. Duk da haka, in aka duba sirantar bututun, wutar da yake ɗauka ta ninka ta jan ƙarfe mai kaurinsa kusan sau dubu. Gwajin ya tabbatar da cewa damƙar tana nan, kuma da ƙarfinta.

Sai dai sirantar da ke ƙara damƙa ita ce kuma ke kawo cikas har uku.

Na farko, a cikin dunƙulen ƙarfe ilektiron biyu suna da filin kauce wa juna, kuma taron sauran ilektiron yana rage kaifin turewar da ke tsakaninsu. A bututu babu gefe, gaba ce ko baya. Kowane motsi na ɗaya sai ya taɓa dukkan na layin. Sin-itiro Tomonaga a 1950 da Joaquin Luttinger a 1963 sun yi lissafin irin wannan hali, kuma a 1999 tawagar Paul McEuen a Bakli ta gan shi a bututun kabon: ana ƙara sanyi, shigar wuta cikin bututun tana ƙara wuya.

Na biyu, tagwaye suna buƙatar fili. Tazarar da ke tsakanin ilektiron biyu na tagwaye ɗaya a dalma ta kai kusan nanomita 80, a alminiyon ta haura 1,000, ga shi bututun faɗinsa ɗaya tak. A irin wannan siririn layi, ƙaramar hargitsi a wuri guda ta isa ta tsinke takin da tagwayen ke tafiya da shi, domin babu wata hanya da za a kewaye wurin.

Na ukun ya fi su ban sha'awa, domin daga girgizar kanta yake fitowa. Rudolf Peierls ya bayyana a littafinsa na 1955 cewa a layin atam guda ɗaya mai kai wuta, damƙar da ke tsakanin ilektiron da saƙa tana iya sa atam ɗin su gusa su daskare a sabon tsari, wasu kusa-kusa, wasu nesa-nesa. Da hakan ta faru, ilektiron sun maƙale, abin da yake kai wuta ya daina kaiwa. Wato damƙa ɗaya, makoma biyu: ko ta haɗa tagwaye wuta ta gudu ba tirjiya, ko ta daskarar da saƙa wuta ta tsaya. Wanda ya riga zuwa yayin da ake sanyaya bututun shi ke cin gari.

Gwaji ne zai raba gardama, kuma an yi. A Orsay, kusa da Paris, tawagar Hélène Bouchiat da Alik Kasumov ta nuna a 1999 cewa bututu yana iya isar da tagwayen da ya aro daga ƙarfen da aka jona masa a baki biyu. A 2001 suka ƙara gaba. Suka ɗauki igiyar bututu, wato ɗaruruwa da suka manne gefe da gefe, suka rataye ta tsakanin ƙarafan da su kansu ba sa haifar da tagwaye. Ƙasa da Kelbin 0.55 tirjiyar wata igiya ta faɗi kusan sau ɗari, kuma ƙarfin maganaɗisu na kusan tesla ɗaya ya mai da ita yadda take. Yawan bututun shi ne sirrin: maƙwabta suna rage wa juna kaifin turewa, tagwaye kuma suna iya tsallakawa daga wannan zuwa wancan.

A wannan shekara ta 2001 wani labari mafi girma ya fito daga Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Hong Kong. Zikang Tang da Ping Sheng da abokan aikinsu sun shuka bututu a cikin ramukan wani dutsen roba mai suna ziyolayit, wanda ramukansa suke jere a layi kamar an auna. Ramin ne ya ƙayyade faɗin bututun: nanomita 0.4, yana cikin mafi siranta da aka taɓa yi, har wani nau'insa zobe biyar kacal ne suka zagaye shi. Ƙasa da Kelbin 15 suka ga alamun korar maganaɗisu da na tagwaye. Matakin ya ninka na Orsay fiye da sau 25, kuma ya dace da hasashen Bakli cewa siranta tana ƙara damƙa.

Masu lissafi ba su bar maganar nan ta kwanta ba. A 2004 da 2005 tawagogi a Jamus da Faransa suka lissafa girgizar irin waɗannan sirara da kwamfuta, suka tarar cewa in bututun yana shi kaɗai, daskarewar Peierls ce za ta riga zuwa, a wani lissafin ma tun a zafin ɗaki. In haka ne, daga ina tagwayen Hong Kong suka fito? Amsar da masu goyon bayan sakamakon suke bayarwa ita ce bututun ba shi kaɗai yake ba: bangon ziyolayit yana riƙe da shi, yana rage turewar ilektiron, maƙwabtansa kuma suna nan tazarar kusan nanomita ɗaya. A 2009 tawagar Hong Kong ta auna yadda samfurin ke shan zafi, ta sake ganin sauyi a Kelbin 15.

Shaida mafi kusa da batun yau ta fito daga Orsay a 2006. Masu binciken suka shafa wa igiyar da ke rataye wani abu mai kama da roba. Tirjiyarta ta yau da kullum ba ta sauya da yawa ba, ƙasa da kashi 20 cikin ɗari, amma alamar tagwaye ta yi ta dushewa da kowace shafa. Da suka haska leza a kan bututun da aka yi wa irin wannan shafa, suka ga numfashin ne ya danne. An hana bututu numfashi, tagwaye sun watse. A Japan kuma, a shekarar, tawagar Junji Haruyama ta Jami'ar Aoyama Gakuin ta ba da rahoton Kelbin 12 a bututu masu bango da yawa, da sharaɗin a jona wuta ga dukkan bangayen, ba na waje kaɗai ba.

Duk waɗannan suna nuni wuri ɗaya. Bututu guda, shi kaɗai, turewa da daskarewa sun fi ƙarfinsa. Sai an haɗa shi da maƙwabta, a igiya ko a ramukan dutse ko bango cikin bango, sannan girgiza take samun damar yin aikinta na haɗa tagwaye.

Masu sauraro za su tambaya: yaushe wannan zai zama wayar gari? Gaskiyar magana, ba da bututun kabon ba a yanzu. Kelbin 15 digiri 258 ne ƙasa da sifiri, alhali firizar mai sayar da ƙanƙara kusan 18 take kaiwa. Waɗanda ke aiki a yau wasu ne daban. Manyan na'urorin MRI na asibiti suna amfani da wayar niyobiyom da titaniyom da aka tsoma a ruwan hiliyom. Bayan Georg Bednorz da Alex Müller sun gano wani dangin yumɓu mai jan ƙarfe a Zurik a 1986, an kai Kelbin 93 a 1987, abin da ya ba da damar sanyaya shi da ruwan naitirojin mai araha. Da irinsa birnin Essen na Jamus ya shimfiɗa layin kilomita ɗaya a 2014. Darajar bututun kabon ita ce shi ne wuri mafi tsafta da ake kallon kokawar girgiza da turewa ƙuru-ƙuru. Sanin yadda fonon ke tare ilektiron a cikinsa yana kuma cikin ilimin da masu ƙera tiransistar kabon ke dogara da shi, kamar ƙwaƙwalwar kwamfuta mai tiransista fiye da 14,000 da aka haɗa a MIT a 2019.

Wannan tarihi ya kamata ya sa mai sauraro taka-tsantsan da labaran Facebook da WhatsApp. A Yulin 2023 wasu masu bincike a Koriya ta Kudu suka ce wani abu mai suna LK-99 yana kai wuta ba tirjiya a zafin ɗaki. Duniya ta ɗauka. Cikin 'yan makonni ɗakunan bincike a ƙasashe da dama suka haɗa shi suka gwada, suka gano cewa wani gurɓataccen sinadarin jan ƙarfe da farar wuta ne ya jawo alamun. Tambayoyin da za a yi wa kowane irin wannan labari uku ne: tirjiyar ta kai sifiri? An ga korar maganaɗisu? Wasu a wani wuri sun maimaita sun samu?

Fannin nan kuma ba baƙo ba ne a Nijeriya. Farfesa Alexander Animalu na Jami'ar Nijeriya da ke Nsukka, wanda ya yi digirinsa na uku a Kambirij a 1965, ya yi suna a lissafin yadda ilektiron ke mu'amala da atam a cikin ƙarfe, ya kuma wallafa littafin koyarwa a kan wannan ilimi a Amurka a 1977. A nan maƙwabta, a Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna, masu bincike suna shuka bututun kabon da iskar asitilin, irin wadda masu walda ke samu daga kabayid, suna gwada shi wajen tace ruwan da masana'antu suka gurɓata.

Ɓangaren lissafin kuwa ba ya buƙatar ruwan hiliyom. Manhajar Quantum ESPRESSO, wadda masana ke lissafa girgizar saƙa da damƙarta da ilektiron da ita, kyauta ake sauke ta a intanet, kuma ƙaramin bututu mai atam ashirin a kowane zango ba ya fi ƙarfin kwamfuta mai kyau. Tun 2010 akwai makarantar horo ta ASESMA da ke zagaya Afirka tana koyar da wannan aiki. Ta sauka a Eldoret ta Kenya a 2012 da Akara ta Gana a 2016. Ɗan Manga ko 'yar Manga da ke karatun fiziks ko kimistiri a Aliero, ko Birnin Kebbi, ko Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, zai iya zama ya lissafa da kansa ko bututu mai faɗin nanomita 0.4 tagwaye zai haifa ko daskarewa zai yi, da kuma yadda bangon da ke kewaye da shi ke sauya amsar. Iyaye da malamai su ƙarfafa wa irin waɗannan yara gwiwa tun daga darasin lissafi na sakandare, domin daga can aikin yake farawa.